Wasan Jika da Faransanci

Ɗana na fari shina Abijan. Ba zan faɗi sunanshi ba, don ban taɓa faɗinshi ba tun randa anka raɗa mashi. Mutumin Abijan nike ce mashi, kowa kuma cikin gidanmu na Goronyo ya san wa nike nuhi.

Albasa tak kai shi can. Tun shina saurayi shike bin manyan motocin da ake lodawa bakin kasuwa, shi tahi shi dawo, shi tahi shi dawo, har wata tahiya yat tahi yaz zauna. Yas samu rumfa, yay yi aure da wata ɗiyar Musulmi ta can, Allah yab ba su ɗiya mace. Uwar ba ta jin Hausa. Shi kuwa wuni shike kasuwa. Yarinya tat tashi da Faransanci a baki, da halshen uwarta, Hausa kuwa daga "sannu" sai "na gode".

Ku da kunka tashi yanzu, bari in gaya maku yadda muke. Ni Magarya anka haife ni, ƙasar Wurno, can anka koya mani cewa uwa ba ta sakin huska ga ɗan fari. Ba ta kiran sunanshi, ba ta zama hira da shi, ba ta duban shi cikin ido gaban mutane. Ba ƙi na ba, kunya ta. Son shina nan, ana aje shi kamar yadda ake aje albasa cikin rudu, rumbunta, a jira lokacinta. Lokacin kuwa shi na zuwan jika. Abin da ba ki ba ɗa ba, jika za ki ba. Da jika ake dariya, da jika ake faɗan ƙarya, jika ake ɓoye ma ƙashin miya. Kuma kaka ba ta yabon jika. Zagin shi take, shi rama, su yi ta yi. Gwargwadon zagi, gwargwadon so.

To, ni na tara, na tara, jika kuma ta zo duniya, amma ba hanya.

Matar ƙanenshi, wadda muke gida ɗaya, tana da waya mai nuna huska. Ran Juma'a in an sauko masallaci sai mutumin Abijan shi kira. Shi gaishe ni, in karɓa a taƙaice ina duban tabarma. Sannan shi miƙa ma yarinyar. Ta ce, "Sannu, Kaka." In ce, "Yauwa, sannu." Shi ke nan. Ta dube ni, in dube ta. Ta dubi gefe inda 'yan'uwanta ke wasa, ta dubi ubanta, shi karɓe waya. Ni kuwa magana tana nan cike da bakina, ba ƙofar hita.

Ana nan, ana nan, sai wata Juma'a yac ce in an yi masu babban hutun makaranta shina so shi kawo ta gida. Amma uwar ta ce sai in yarinyar ta yarda da kanta, ba za a ɗauko ta tana kuka ba. Nic ce to, Allah shi kai mu. Cikin raina kuwa nic ce, mi zai sa yarinya ta yarda ta zo wurin tsohuwar da ba ta iya ce mata komi?

Lokacin nan na 'yan albasa na kasuwarmu sunka nemi mai koya masu Faransanci, don masu saye suna zuwa daga Nijar da Kwatano da gaba, dillalai kuma suna cin su wurin fassara. Sunka samu wata malama, 'yar Rabah da anka auro unguwarmu, wadda tay yi karatun halshen nan a kwaleji, taz zauna Nijar ɗan lokaci. Matan da ke sayar da albasa sunka ce su ma suna so. Tac ce su zo tsakar gidanta bayan la'asar, ƙarƙashin dogon yaro.

Niɗ ɗauki tabarmata. Bakin ƙofa nig gamu da maƙwabciyata mai masa, wadda munka tsufa tare, bakinta ba shi hutawa.

"Yaya, ina za ki da tabarma?"

"Makaranta."

"Wace makaranta kuma?"

"Ta Faransanci."

Tad dafa bango tana dariya. "Haƙora nawa sunka rage maki da za ki tauna Faransanci?"

"Waɗanda sunka rage sun isa," nic ce, niw wuce.

Wanshekare sai ga ta da tata tabarmar. Wai ta zo kallo na.

Malama ba ta ba mu alƙalami ba. Ta san galibinmu ba mu taɓa riƙe shi ba. Tac ce mani, "Inna, ba rubutu za mu yi ba, magana za mu yi. Yadda kik koyi Hausa, haka za ki koyi wannan." Takan zaunar da mu biyu biyu, huska da huska, mu gaisa, mu tambayi lahiya, mu yi ciniki na ƙarya da albasa guda a tsakani. Bonjur. Sa ba? Sa ba, mersi. Wadda tay yi Hausa sai ta tashi ta ɗebo ma aji ruwa. Mai masa ta ɗebo ruwa har randar Malama ta san hannunta.

Kalmomin ba su ba ni wuya ba. Mai tatsuniya ta ni tun ƙuruciya, abin da yash shiga kunnena shina zama. Baki na yaƙ ƙi. Akwai wani sauti da ake haɗa leɓɓa a sake su da ƙarfi, mu kuwa sai mu hura shi kawai. Malama takan riƙa 'yar auduga gaban bakinki, ta ce in audugar ba ta yi tsalle ba, ba ki faɗa ba. Akwai wani da za ki tsuke baki kamar mai hura garwashi, alhali halshenki shina cewa "i". Akwai wanda ake jawowa daga maƙoshi kamar mai kurkurar ruwan gishiri. Akwai waɗanda ke bi ta hanci, ta sa mu riƙe hanci mu ji yadda shike rawa.

"Malama," in ji mai masa, "mutanen ga mura ba ta sakin su?"

Ni ban yi dariya da yawa ba. Ina sussukar gero ina kurkura, ina tsintar wake ina hura garwashin da babu. Matar ƙaramin ɗana takan leƙo ta ce, "Inna, lahiya?" In ce lahiya lau, karatu nike.

Tunda ba mu karatu, Malama tac ce hotuna za su zama littahinmu. Tana da wani babban littahi mai nauyi kamar dutsin niƙa, cike da zanen hannu na mutanen da, na ƙasar Faransa da maƙwabtanta. Kahin ta kawo shi sai da tat tambayi surukinta, malami na. Yac ce in don koyarwa na, ba ratayewa bango ba, kuma da sutura, ba laihi. Saboda haka wasu shahuka ta liƙe su da takarda. Mai masa ba ta taɓa barin tambayar mi ke ƙarƙashi ba.

Malama ba ta buɗe shi haka kawai. Daga farko tat taso muna, daki daki. Tac ce da fari masu zanen nan ɗakunan ibadarsu suke yi ma aiki, sannan sarakuna, ga su nan bisa kujeru da riguna masu jan ƙasa. Sannan attajirai sunka yi kuɗi, sunka ce mu ma a zana mu, da matanmu da kwanoninmu. Sannan wasu sunka gaji da masu kuɗi sunka koma gona, suna zana manoma da masu wanki. Sannan wasu sunka hita waje suna bin hasken rana bisa ruwa, in kin matso sai ki ga dabbare-dabbare, in kin ja baya sai ki ga gulbi sak irin namu da hantsi. Na ƙarshe kuwa sun zana huska kamar ƙwaryar da taf fashe anka ɗinke ta ba daidai ba, ido nan, hanci can. Wannan ban so shi ba, na kuma gaya mata.

Na yi mamakin ganin talakawansu. Ni da ina zaton duk mai jin Faransanci cikin mota anka haife shi. Sai ga wata zaune bakin murhu da ƙafa ba takalmi, dugaduganta sun tsage irin namu na rani. Nid daɗe ina duban ƙafar nan.

Kowane hoto sai ta ce mu faɗi abin da munka gani, da Faransanci. Nan munka samu kalmomin siffa. Wannan dogo na, wannan gajere. Wagga tsohuwa ta. Wagga joli, wato kyakkyawa. Waccan mai huskar ƙwarya bilen, wato mummuna. Wata kuma kwance bisa gado rana tsaka, ga shara ba a yi ba, Malama tac ce faresoz, ragguwa.

Da nij ji waɗannan biyun sai zuciyata tay yi tsalle. Nic ce, yauwa, abin da niz zo nema ke nan. Ban gaya ma kowa ba. Niɗ ɗauke su nik kai gida, nih haɗa su da kaina, niƙ ƙara da cewa hancinta ƙarami na. Niy yi ta gyara su har audugar da nike riƙewa tana tsalle.

Juma'a taz zo. Yag gaishe ni, nik karɓa. Yam miƙa mata. Tac ce, "Sannu, Kaka." Ni kuwa nig gyara zama, nit tamke huska yadda kakata ke yi mani, nic ce, "Bonjur, bilen! Faresoz!" Nik kawo maganar hancin.

Matar ɗana tana gefe, ta san mi nike yi, tana ta ƙyalƙyala dariya. Ina jira yarinya ta turo baki ta rama.

Ta ji. Duka ta ji, ba kalmar da taɓ ɓace mata, don na faɗe su da kyau. Nig ga idonta ya cika. Leɓenta yaf fara rawa. Sai kuka, kuka na gaskiya, irin wanda ke hitowa daga ciki. Nij ji muryar uwarta daga nesa, da sauri, da zahi. Huskar ɗana tad dawo cikin waya.

"Inna, mi kic ce mata?"

Ya sani. Na ga dariya ta so ta zo mashi, tak koma. Ni kuwa ga ɗan fari gabana, ga surukata gefe, kunya tar rufe mani baki. Nic ce, "Ba komi." Nim miƙa wayar.

Juma'ar da tab biyo baya, wai ta hita. Ta gaba, wai tana wurin ƙawarta. Sannan ƙanen mutumin Abijan yaz zo ɗakina yad durƙusa, yac ce sun yi magana, yarinyar ta ce ba ta zuwa garin da kakarta ba ta son ta, uwar kuma ta goyi bayanta.

Ban bar zuwa aji ba, amma bakina ya mutu. Malama tal lura. Wata rana tar rufe littahi tac ce, "Inna, yau albasarki ko tayi ba ki yi mata ba. Mi ad damuwa?" Nig gaya masu duka, tun daga farko.

"To mi na cikin wannan?" in ji mai masa. "Ni jikata kullum sai na ce mata mai kan tulu, ta ce mani mai wuyan zabo. Jiya ma ita tak kawo mani goro."

Malama tar riƙe baki. "Wayyo, Inna. Da kin tambaye ni. Jikar maƙwabciyarki tun tana goye ake yi mata wasan ga. Taki ba wanda yat taɓa yi mata. Abin da tas sani, tsohuwar da ba ta taɓa yi mata magana ba ta je ta koyi Faransanci musamman don ta ce mata mummuna."

Ban taɓa duban abin ta wannan gefen ba.

"To su mi kakanninsu ke ce masu?" nit tambaya.

"Su ce kina da kyau. Su ce ina son ki."

Aji yaɗ ɗauki salati. "A gabanta?" in ji wata. "Ba su tsoron baki?" Don mu ba mu yabon yaro a huskarshi, kar baki shi kama shi.

Malama ba ta yi gardama da mu ba. Tab buɗe littahi, tan nemo wani hoto daga zamanin attajiran nan masu son a zana cikin gidajensu. Tsohuwa ta, da baƙar riga da farin ɗankwali, zaune kusa da taga. Wata 'yar yarinya ta jingina da gwiwarta tana riƙe da kwano. Malama tac ce mu duba inda mai zanen yas sa haske. Ɗakin duk duhu-duhu, hasken bisa goshin yarinyar yas sauka, sai kaɗan bisa hannun tsohuwar.

"Inna, faɗa muna abin da kig gani."

Nic ce matar tsohuwa ta. Nic ce yarinyar ƙarama ta. Nit tsaya. Mai masa taz zungure ni da gwiwar hannu. Kalmar tana nan, na san ta sarai, amma kamar in ɗaga buhu. Nic ce yarinyar joli. Kahin in ankara bakina ya ƙara da tubarkalla.

"Haka za ki ce mata," in ji Malama. "Ki haɗa da tubarkallarki, ba wanda yah hana."

Tak koya mani sauran: yi haƙuri, 'yar ƙaramata, ina son ki, zo. Tas sa mai masa ta zama jikar, mu zauna huska da huska. Mai masa tal langaɓe kai, tas sa yatsa a baki.

"Ce mani ina da kyau, Yaya. Tun muna amare nike jira."

"Ke kam ko da Faransanci ba ta yiwuwa."

"Malama, kin ji ta ko? Za ta sake sa wata kuka!"

Munka yi ta yi har maganar tad daina maƙale mani.

Saura abu guda, shi yaf fi wuya. Yarinya ba ta zuwa waya sai ubanta ya kawo ta, uban kuwa ɗan fari na. Ba Faransancin da zai yi mani wannan. Da Juma'a taz zo, yag gaishe ni, ban miƙa wayar ba. Nic ce ma surukata ta ba ni wuri. Nid dubi bangon ɗaki, nic ce, "Ka saurara."

"Ina ji, Inna."

"Kai ka san wasan ga. Kakarka ta uba ta ce maka mai kan ƙwarya har ka girma, ita kuma ta sayar da akuyarta tay yi maka jarin farko. Kai ka sha, ɗiyarka ba ka gaya mata ba. Ka zauna ka gaya mata, ita da uwarta. Sannan ka ba ni ita. Ina so ta zo. Kai ma ina so ka zo."

Tun da nih haife shi ban taɓa yi mashi magana mai tsawon wagga ba. Sannan yac ce, "To, Inna," da wata murya da ban san shi da ita ba.

Bai jira Juma'a ba. Ran Lahadi da hantsi sai ga kira. Yarinyar tana zaune jikin uwarta, ta sunne kai. Nif fara da uwar, nig gaishe ta da Faransanci, nit tambayi lahiyarta da gajiya. Taz zaro ido, sannan tam mayar mani, har da ɗan rusunawa. Nij juya ga jikata. Ban tamke huska ba.

"Fardon, ma fetit," nic ce. "Ti e joli, tubarkalla. Je tem. Biyan." Wato yi haƙuri, 'yar ƙaramata, kina da kyau, ina son ki, zo.

Taɗ ɗago kai kaɗan, tay yi ma ubanta wata tambaya ƙasa-ƙasa. Yay yi dariya.

"Inna, wai in gaskiya na wasa na, ita ma tana iya yi maki?"

"Ce mata in ta isa."

Yaf fassara. Tad dubi uwarta, uwar taɗ ɗaga kafaɗa. Sai yarinya tam matso da huskarta har tac cika wayar, tac ce wani abu da sauri, tak koma tal laɓe bayan uwarta. Ɗana yab buɗe baki zai fassara, nic ce shi bari. Na ji da kaina. Tsohuwa marar haƙora tac ce mani.

"Ni?" nic ce, nid dahe ƙirji. "Ni kig gaya ma haka? Za ki zo ki same ni!"

Hausa niy yi, amma ta gane. Dariya tak kuɓuce mata, ta farko da nit taɓa ji daga bakinta, mai ƙara, har da tuntsurawa. Uwar ma ta ɓoye tata cikin mayahi.

Da tan natsu sai tad dawo gaban waya da kanta. Tay yi magana sannu sannu, kalma kalma, don in ji. Tana tambaya ko gidanmu akwai jaki, don ba ta taɓa hawa ba, in akwai za ta zo.

Nic ce wi, wato i.

Gidanmu ba jaki. Amma ƙanena na Kagara shina da wata jaka mai sanyin hali, da ɗanta. Tun ran nan nit tura a gaya mashi kar shi kuskura shi sayar da su kahin hutu.